'Yar Kwalba a Gindin Randa

Shekara biyu da aurena aka gano ina da ciwon sukari, irin wanda sai da allurar insulin safe da yamma. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a unguwar Tudun Wada da ke Gusau, garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba. Maganin ba ya son zafi, wutar lantarki kuma sai ta ga dama take zuwa, don haka wata ma'aikaciyar jinya ta koya mini dabara: in ƙulle 'yar kwalbar maganin a leda, in tura ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. In tafiya ta kama, in naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma, kada rana ta taɓa ta.

Maigidana ya roƙe ni kada danginsa su ji, wai za su ce ya auro mai lalura. Na yarda.

Da mahaifinsa ya rasu muka tafi Tsafe zaman makoki, ana tsakiyar zafin bazara. Na sami randar tsakar gida na tura kwalbata a yashinta. Allurar kuwa a makewayi nake yi, kamar mai sata.

Ran kwana uku da safe na fito na tarar da mata sun yi cirko-cirko, yayar mijina tana riƙe da ledar da yatsu biyu.

"Wa ya binne wanga a gindin ruwan da muke sha?"

Na ce tawa ce, magani ne.

"Magani ake binnewa? A gidan mutuwa?"

Aka kira maigidana daga zaure. Da na gan shi sai hankalina ya kwanta, don shi ne ke sayo mini ita da hannunsa. Ya dubi kwalbar, ya dubi matan, ni ce kawai bai duba ba.

"Yaya, ki yar da shi a bar maganar, akwai baƙi."

Ina tsaye aka jefa ta a masai.

Babu kemis ɗin da ban shiga ba a garin, ba wanda yake da insulin. Ana wahalar mai, mota sai washegari na samu. Kafin mu iso Gusau harshena ya bushe, ina ta amai, ban ma san wanda ya sauke ni ba. Kwana biyar na yi a asibiti. Innata ta zo daga Bungudu ta yi jinyata, ita ma sai a bakin likita ta fara jin ciwon da na ɓoye mata.

Maigidana kuwa ya gaya wa danginsa zazzaɓi ne. Ranar da aka sallame ni ya zauna a bakin gado yana juya hularsa, na ɗauka haƙuri zai ba ni. Sai ya ce ai da na bar kwalbar a gida, da duk wannan abin kunyar bai faru ba.

Inna ta ci gaba da ninke zannuwana, ba ta ɗago kai ba.