Sunan da Ban Rubuta a Rajista Ba

Shekarar da baƙi 'yan ƙasar waje suka zo taimaka mana mu gyara ƙungiyar masu noman rani, ni aka ba sakatariya. Ba don na fi kowa ba. Sun ce dole a sa mace, kuma a ƙauyenmu na gefen Bunkure ni kaɗai na gama yaƙi da jahilci. Kwana biyar muna bita a Kura. Suka ce daga yanzu ruwan kanal ba sanayya, sai rajista: kowace gona da sunan mai ita da ranar shan ruwanta. Na ji daɗi, don gonarmu a ƙarshen kanal take, sai manya sun ƙoshi muke samu.

Na rubuta kowa. Da na zo kan gonarmu, hannuna ya tsaya. Tun da aka kawo ni gidan mijina ban taɓa kama sunansa ba, ga kuma mazan gari sun zagaye ni suna leƙen takarda. Sai na rubuta "Malam", yadda nake kiransa. Ai kowa ya san Malam ɗin wa.

A ofishin Kano ba su sani ba. Mai sa sunaye a kwamfuta ya ga babu cikakken suna, ya tsallake layin. Takardar rabon ruwa ta dawo babu mu. A lokacin kuwa tumatirinmu ya fara fure, Malam kuma yana kwance da ciwon ƙirji.

Na je wajen tsohon da ke buɗe ƙofar ruwa.

"Baba, gonar ta tsage."

"'Yata, da can ne da tuni na buɗe miki. Yanzu kwaɗo biyu ne, mabuɗi ɗaya na wajen shugaba."

Shugaban ƙungiya kuwa dariya ya fara yi. "Sakatariya guda! Kin rubuta kowa har mai kangon gona, kin bar naki?" Da ya ga idona sai ya daina. Ya ce in ya buɗe mini, gobe wani babba zai ce a buɗe masa. Ya ce sai dai in jira jami'in ofishin Kano ya zo da takardar gyara ƙarshen wata. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya mana ke nan.

Na yi ta ɗiban ruwa da jarka, bai isa ba. Furen ya zube.

Ranar da zan cika takardar gyara, Malam ya ce, "To, mai biro, kunya ta cinye mana tumatir. Rubuta, ba zan duba ba." Ya juya fuskarsa bango. Na rubuta, har da na mahaifinsa.

Gyaran ya iso bayan sadakar bakwai ɗinsa. Yanzu ruwa na zuwa mana a kan lokaci. Duk farkon rani akan karanto sunansa a taro, ni nake amsawa. Shugaba ya sha cewa in canza sunan in sa nawa. Nakan ce masa sai baɗi.