Rumfar da na kafa don in kayar da Baban Sallah

Ko zan manta komai a rayuwata ta Makka, ƙaramar Sallar da na sha alwashin kayar da wani tsohon tela ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara mini, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi.

Ni ɗan kasuwa ne. A nan aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji ya zauna. Babu wanda ya ba ni jari. Da kwalin carbi na fara a bakin titi, har Allah ya kai ni ga shaguna biyu a unguwar Aziziyya, ina sayar wa alhazai tsaraba. Na bar unguwarmu ta Nakkasa, wadda ke kan dutse, na koma unguwar Rusaifa, amma 'yan uwa da abokan ƙuruciya duk suna can kan dutse, kuma ba na kwana uku ban leƙa su ba.

A layinmu na Nakkasa akwai wani tsoho mutumin Damagaram, mai keken ɗinki ɗaya a ɗakin da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Yara suna kiransa Baban Sallah. Duk ranar idi, da an sauko daga Harami, zai fito da farar taguwarsa da buhu a kafaɗa, yana bi gida-gida. Abin da ke cikin buhun ba wani abin a zo a gani ba ne: alawa, balan-balan, 'yar tsana ta tsumma, hular da ya harhaɗa da ragowar ƙyalle. Amma yara sai su bi shi ɗuu, suna rige-rigen riƙe masa hannu. Manya ma in rigima ta tashi, maganar ɗaya ce, a je wajen Baba.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Ni nake kai marasa lafiya asibiti a motata, ni nake samar wa samari aiki lokacin Hajji. Ana gode mini, ba na musu, amma godiya ce irin wadda ake yi wa ma'aikacin ofis. Wata Sallah na sayo wa 'yata riga daga Jidda, mai tsada ƙwarai. Ta saka ta yi kyau, amma ranar nan 'yar tsanar tsumman Baba ta yini tana nuna wa baƙi. Na yi dariyar yaƙe a gabansu.

Sai shekarar da aka fara shafa jan fenti a bangon gidajen Nakkasa da hukuma za ta rushe. Dattawa suka ce bayan Sallah za a zaɓi mutum ɗaya da zai tsaya wa layinmu, ya riƙa zuwa ofisoshi, ya san inda kowane iyali zai koma. Na so wannan matsayi, ba zan ɓoye ba, kuma na ga babu wanda ya fi ni cancanta. Amma duk majalisar da na zauna, sunan Baba nake ji. Sai na ce a raina, tunda da kyautar Sallah ya saye zukatan mutane, bari in nuna musu yadda ake kyauta.

Na kafa rumfa a bakin layi, inda mota take tsayawa kafin a fara hawa matakala. Na jibge takalma, riguna, motocin wasa masu batir, da katan-katan na cakulan. Na rataya allo da sunan shagona, na ɗauko mai ɗaukar hoto. Kuma da yake ni ba na son a cuce ni, sai na ajiye tebur: kowane uba ko uwa ya zo da yaransa, ya nuna katin shaida, a rubuta suna, don kada wani ya karɓa sau biyu. Matata ta ce in cire teburin da mai hoton. Na ce mata ita ba ta san tsari ba.

Aka sauko idi, na tsaya cikin sabuwar alkyabba ina jira. Waɗanda suka zo ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk 'ya'yan masu hali ne. Ina ganin mata suna leƙowa daga saman matakala, su kalli teburin, su kalli mai hoton, su juya. Wata yarinya ta kubce ta nufo wajen takalma da gudu, uwarta ta biyo ta ta fizge ta kamar ta ga wuta. Rana ta yi sama, cakulan ya fara narkewa a kwali. Can kan dutse kuwa ina jin ihun yara suna raka Baba.

Yanzu in na duba sai in ga wautata a fili. Fiye da rabin mutanen layin ba su da igama, takardar izinin zama. Sun zo Hajji ko Umara sun zauna, suna wanki, suna dako, suna tura keken tsofaffi a Harami. Ni da aka haife ni da takarda a hannu na manta yadda tebur da biro da kyamara suke a idon wanda ba shi da ita, balle a shekarar rusau.

Wajen hantsi Baba ya sauko, buhunsa ya zama fanko. Ya yi mini barka da Sallah, ya zagaya kayan yana jinjina kai.

"Alhaji, kaya sun yi kyau. Wa ka saya wa?"

"Yara mana, Baba."

"Wane yaro?"

Na juya na dubi tulin kayan. Ya ɗauki wani takalmi ya juya shi, ya ce wannan zai yi wa autar mai wankin da ke bayan masallaci, wancan kuma ya yi wa yayanta kaɗan, a nemo na gaba da shi. Duk ƙafa da kafaɗar yaran layin suna kansa. Sannan ya ce in sallami mai hoto, in sauke allon, in cika buhun in saɓa, shi bayansa ya gaji.

Haka na hau dutsen nan da alkyabba, buhun wani a kafaɗata, gumi yana zuba. Abin da ya ba ni mamaki, a kowace ƙofa ba yaran yake kira ba. Uban ko uwar yake ja gefe, ya miƙa kayan a baƙar leda, ya ce a shiga a ce musu an sayo tun jiya, mantawa aka yi. A ranar na gane cewa kayan Sallar yara da yawa a layin shi yake ɗinka su cikin azumi, ya ba iyayen a ɓoye. Buhun alawa shi ne kawai abin da ake gani.

Sawu huɗu muka yi. Kowa Baba yake yi wa addu'a, ni kuwa ana ce mini sannu da dako. A sawu na ƙarshe na kasa daurewa.

"Baba, kayana ne fa. Ko sau ɗaya ba ka ambaci sunana ba."

Ya zauna a kan matakala yana maida numfashi. "Gobe da asuba za ka haɗu da uban yaran nan a masallaci. So kake ya ba ka hannu, ko ya sunkuyar da kai?"

Bayan kwana uku aka yi zaman dattawa. Baba aka zaɓa, babu ko mutum ɗaya da ya kawo sunana. Ya karɓa, amma ya ce ƙafarsa ta mutu kuma Larabcin ofis ya fi ƙarfinsa, don haka Alhajin Aziziyya zai zama ƙafarsa da bakinsa. Aka dube ni. Na so in ƙi, na ga in na ƙi na tona wa kaina asiri.

Shekara biyu na yi ina zirga-zirga. Shi zai gaya mini gidan da ke da tsohuwa marar lafiya, da iyalin da bai kamata sunansu ya hau kowace takarda ba, ni kuma in nemo ɗaki, in turo mota. Duk wanda ya samu matsuguni sai ya ce Allah ya saka wa Baba. Ba zan yi ƙarya in ce ƙyashin ya bar ni ba. Har ranar da muka kai shi makwancinsa, na ga jama'ar da ta taru daga unguwannin da aka warwatsa mu, sai da na tambayi kaina ko ni zan samu kwatan wannan.

Abin da na koya shi ne, mutane ba sa ba da amanarsu ga wanda ya fi kowa bayarwa. Wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da suke tsoro, ya taimake su ba tare da ya tsaya a ga fuskarsa ba, shi suke bi. Ni na iya ciniki, na san farashin komai a rumfar nan, amma ban san takalmin yaro ko ɗaya ba.