Tsagar da Aka Toshe da Siminti

Gadar da ke tsakanin ƙauyenmu da Kafanchan tana da tsaga a kowane baki, faɗin yatsu uku, ƙarfe gefe da gefe, roba a tsakiya. Mijina leburan hanya ne. Kafin damina da bayanta yakan ɗauki tsintsiya da wani lanƙwasasshen rodi, ya je ya ƙwaƙule yashin da ya cika ta. Yakan ce gada tana miƙewa in rana ta yi zafi, ta koma in gari ya yi sanyi, tsagar nan ita ce wurin miƙewarta. Aikin ba ya cin komai sai gumi.

Da ya rasu ba a ɗauki wani ba. Mata suna shanya citta a gefen kwalta, ƙasar jikinta tana gangarawa ciki. Ciyawa ta tsiro, roba ta ruɓe ta zube. Duk motar da ta wuce sai ka ji gwaram, har cikin ɗaki.

Autana ɗan acaɓa ne, ta kan gadar nan yake neman abincinsa. Kullum kukan tayar gaba yake yi. Wata Lahadi bayan sujada matasa suka ce sun gaji da jiran gwamnati. Robar daga nesa ake kawo ta, ga tsada, siminti kuwa ga shi a kasuwa. Suka sa ranar gayya.

Na je na tsaya a kansu.

"Kada ku toshe wurin nan. Ku share shi kawai."

"Mama, ke da kwalta ai sai shanya," in ji abokin ɗana. Suka yi dariya.

Na dubi autana. "Babanka ba haka yake yi ba."

"Baba ya yi ta shara har ya tsufa, ramin bai tafi ba. Je ki duba mana kunu, Mama."

Suka cusa duwatsu, suka kwarara siminti, suka shafe sumul. Fasto ya yi addu'a a kai. Ƙarar ta ɗauke. Duk lokacin da suka wuce ni sai su ce, "Mama, gada ta miƙe kuwa?"

Bazara ta zo. Simintin ya tsattsage, bakin gadar ya farfashe, ƙarfen gefe ɗaya ya ɗago kamar bakin fartanya. Na faɗa wa autana, ya ce ya gani, yana kauce masa. Ranar kasuwa ya ɗauko buhunan citta, tirela ta matse shi, babu wurin kaucewa, ya hau kan ƙarfen.

Bai mutu ba. Ƙafar aka yanke daga gwiwa.

Daga baya ma'aikata suka zo da injin fasa kankare. Makonni suna fama, rabin hanya a rufe, kafin su sa sabon ƙarfe da sabuwar roba. Suka tattara kayansu suka tafi, ba su bar mai shara ba.

Rodin mijina na nemo a bayan rumbu, duk ya yi tsatsa. Yanzu ni ke zuwa. Wadda ta shimfiɗa citta kusa da tsagar, zan kwashe mata ita in ajiye can gaba, ta zage ni in ta ga dama. Gwiwoyina ba su son durƙuso, amma ina yi.

Ni da ɗana ba mu taɓa tada maganar ba. Kwanaki bakin rodin ya miƙe, ba ya kamo yashi. Na dawo daga coci na tarar da shi zaune a ƙofar gida, sandarsa a gefe, yana lanƙwasa shi da guduma.