Yadda Rediyo Ta Koyi Kama Bakinta

A layinmu babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Rediyo ake ce mata, kuma ba ta taɓa ƙin amsawa ba. Mai kitso ce tun tana budurwa. Wurin aikinta wata 'yar rumfa ce a ƙofar gidan yayarta, da tabarma ɗaya, da kujera 'yar tsugunne, da gwangwanin man gashi, da tsagaggen madubi mai nuna wa mace rabin kanta. Mata kan zo da kai a tsefe, su koma da kitso da labarin duk abin da ya faru a layin. Wasu ma kitson bai tsufa ba suke tsefewa.

Ba ƙarya take yi ba, wannan kowa ya shaide ta. Abin da ta ji take faɗa, kuma tana ji da yawa, domin mace in ta sunkuyar da kai a cinyar wata, bakinta kan saki. Ita kuma ba ta iya barin magana a rabi, sai ta tono ta har gindi.

Son sanin nata bai tsaya kan auren mutane ba. In tana kitso takan ji wata jijiya tana bugawa a gefen goshi, ta wata da sauri, ta wata a hankali, kuma babu mai iya gaya mata dalili. Akwai wata nas da ke zuwa mata kitso, ita ta sha wahalar wannan. Me ke kumbura ƙafar mai ciki? Ruwan da ake ƙara wa mutum, ina yake zuwa? Ran nan nas ɗin ta gaji, ta ce mata makarantar da ke jikin asibiti tana ɗaukar ɗalibai kwas ɗin ƙaramar nas, ta je can, su biyansu ake yi su amsa tambaya. Da wasa ta faɗa. Rediyo ta tono takardarta ta sakandare daga ƙasan akwati, ta rubuta jarrabawa, aka ɗauke ta.

Yaya ta dubi farin yunifom ɗin da aka rataye a ƙusa, ta ce, "Ke da asibiti? Ai kafin likita ya gama rubuta cutar mutum ta riga shi isowa gida."

Tun ranar farko a aji Rediyo ta bayyana shirinta, ba tare da an tambaye ta ba: in ta gama wannan kwas ɗin za ta taɓa aiki kaɗan, ta wuce babbar makarantar jinya ta zama cikakkiyar nas, daga nan ta karanci aikin ungozoma. Sista, malamar da ke riƙe da ajin, wata doguwar mata mai magana ƙasa-ƙasa, ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta sanar da aji cewa babbar makarantar ba ta ɗaukar wadda Sista ba ta tsaya mata ba, kuma darasin yau shi ne sirrin majiyyaci. Rediyo ta saurara da kyau, ta kuma fahimta daidai gwargwado: suna ba ya fita daga asibiti.

Aikin hannu bai ba ta wuya ba. A ɗakin gwaji akwai mutum-mutumin roba da ake koyon juya majiyyaci da canza masa zanen gado a kansa. Rediyo takan gaishe shi kafin ta taɓa shi, takan kuma yi masa jajen rashin gashi. Da aka fara tura su ɗakin mata, ita ce tsofaffi ke nema ta wanke su, don hannunta ya san inda ake dannawa da inda ake lallaɓawa. Kuma suna yi mata hira, kamar yadda aka saba yi mata.

Kitson bai tsaya ba, ya koma ranar Asabar. A wata Asabar ta ba mata huɗu da ke kan tabarma labarin wata baiwar Allah da aka kawo da ciwon ciki, ashe maganin ƙiba ta saya a kasuwa take sha a ɓoye. Ba ta faɗi suna ba, ta ma jaddada cewa dokar aikinsu ta hana. Abin da ta ambata kawai shi ne kitson matar, ƙanana ne da aka karkatar hagu don a rufe wani tabo a bayan kunne. Rediyo da kai take gane mutane, kuma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa shekara da shekaru tana koya wa duk layin yin haka ba. Kafin magariba kowa ya san matar mai burodi ce. Ranar Litinin mai burodi da kansa ya je asibiti ya kai ƙara.

Sista ta kira ta ofis, ta bar ta a tsaye.

"Amma Sista, ban faɗi suna ba."

"Da sunan kika faɗa da ya fi sauƙi. Masu sunan suna da yawa. Mai tabon ɗaya ce."

Sauran maganar gajeriya ce. In aka sake jin wani abu na ɗakin mata a bakin titi, Rediyo za ta ajiye yunifom ta koma rumfa, zancen babbar makaranta kuwa ta mance da shi. Rediyo ta je ta ba matar mai burodi haƙuri. Matar ta ce ya wuce, ta kuma canza mai kitso.

Ba a daɗe ba matar tela, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta yi sallama da layin a kan za ta je duba mahaifiyarta. Washegari da safe Rediyo ta shiga ɗakin mata da ma'aunin zafin jiki, sai ta ga majiyyaciyar da ke gadon bakin taga ta ja zane ta rufe fuska. Tsakiyar kai kawai ake gani. Rediyo ta dubi tsagar, ta gane aikin hannunta na makon da ya wuce a kan matar tela. Ta yi gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙuwa, ta auna, ta rubuta. Za ta wuce ke nan, hannu ya fito daga ƙarƙashin zanen ya kama ta.

"Don Allah, Rediyo."

"Kwantar da hankalinki. A cikin ginin nan ba na kama tasha."

Faɗar haka a asibiti ba wuya. Wuyar tana rumfa, domin wani ya hangi tela a ƙofar asibiti da kular abinci, kuma hanyar garin surukarsa ba ta bi ta can ba. Ranar Asabar tabarma ta cika, har da waɗanda aka yi wa kitso shekaranjiya a wani wurin. Yaya da kanta ta tsefe kai ta zauna a gaba. Ta fara da nesa, ta tambayi lafiyar aiki, ta tambayi ko ɗakin mata ya cika, ta ce ita fa tausayi ne ya sa take tambaya, maƙwabci ai ɗan'uwa ne, in mutum na kwance ya kamata a je a gaishe shi.

Waɗanda suka ga abin sun ce Rediyo ta yi gumi. Yatsunta ba su saba tafiya baki na rufe ba, har ta ɓata tsaga ta sake. Magana ta taru mata a wuya, dole wani abu ya fita.

"Yaya, kin san ƙoda biyu gare ki?"

"Ni zancen tela nake yi miki."

"Shi ma biyu gare shi."

Daga nan ta kama. Ta bayyana inda ƙoda take, da yadda take tace jini, da abin da gishiri ke yi mata, da dalilin da ya sa fitsarin safe ya fi duhu. Duk lokacin da Yaya ta buɗe baki sai ta ja gashin kaɗan ta ƙara wani bayani. Aka gama kitso ba a gama ƙoda ba. Yaya ta tashi ta ce an ɓata yarinya da boko.

Haka rumfar ta koma. Wasu sun daina zuwa, sun ce kitson ya rage daɗi. Waɗanda suka rage kuwa, yanzu babu layin da ya kai namu sanin hawan jini. Akwai ma wadda ta je aka auna ta saboda abin da ta ji a kan tabarma. Matar tela ta dawo ta ce jikin mahaifiyarta da sauƙi, kowa ya yi mata barka, har da Rediyo. Abin da ya kwantar da ita, har yau ba mu sani ba, kuma ba don ba mu so ji ba.

Da zangon karatu ya zo ƙarshe, wata Asabar sai ga Sista a bakin rumfa, ta cire ɗankwali ta zauna a tabarma kamar kowa. Sauran matan suka ja gefe. Daga nesa an ga bakin Sista yana motsi tun daga tsagar farko har ta ƙarshe, abin da ko ɗalibanta ba su taɓa gani ba. Da ta miƙe ta duba rabin kanta a madubi, aka ji ta ce wa Rediyo in lokacin neman babbar makaranta ya yi, ta same ta a ofis.

Tana shan kwana matan suka dawo tabarma da sauri, Yaya a gaba. Rediyo ta goge matajinta, ta lakaci mai, ta tambaye su ko akwai wadda ta san aikin hanta.