Tsagar Ruwan Rijiyarmu

Larai, zauna ki ji. Daren jiya na yi wani mafarki, tun asuba na kasa zama wuri ɗaya.

Kin san rijiyarmu. Ta ci min miji, ta ci awaki, ni ta bar ni da hannu mai karkarwa. Kin san yarinyar jami'ar nan da ta ɗebi ruwan a kwalba. Da ta dawo ta nuna min wani zane, tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Ta ce injinsu ya haska ruwan, wannan ya fito. Wai kowane sinadari da tsagarsa, kamar yadda ake gane asalin mutum a fuska. Wannan dai ba ta san ta wane gida ce ba. Ta ce wataƙila masanan wasu ƙasashe suna da irinta, amma kowa tasa na cikin akwati. Shi ya sa mai unguwa ya ce tunda ba a kama sunan komai ba, ranar Juma'a a buɗe rijiyar da aka rufe.

To, a mafarkin ina kan dutsen da muke shanya. Dutsen ya yi faɗi, ba a ganin ƙarshensa. Babu barkono, babu kuɓewa. Zanen nan ne aka baza ko'ina. Mutane masu fararen riguna suna ta sauke akwatuna daga kai suna juyewa. Baƙaƙe, farare, har da masu ƙananan idanu. Wannan ya shanya tasa, ya ɗauki ta wancan ya duba, ba mai cewa ajiye. Na ce, "Wa ke gadin shanyar?" Ba wanda ya kula ni.

Sai kawai na ga tsagar rijiyarmu a tafin hannuna, hannun kuma ya daina karkarwa. Na kama gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Ina durƙusawa ina gwadawa. Wannan ba ita ba, wannan ta yi gajarta. Dariya nake yi, Larai, ni.

Sai kawai ga ni a gaban wata tsohuwa mai tabarau, ruwa har gwiwarta, zanenta bai jiƙe ba. Na ɗora hannuna a kan tsagar da ta shanya. Tsini ya hau tsini, ba ragi. Na ce, "Baba, 'yar wane gida ce?" Ba ta dube ni ba. Ta faɗi sunan sinadarin, dutsen duka ya amsa. Na riƙe shi a baki ina maimaitawa, na juya zan kai wa mai unguwa. Can na hango jikata Hajara, ta riga ta zura guga.

Na buɗe baki in kira sunan, sai ladan ya farkar da ni. Sunan ya tafi. Na laluba har ƙarƙashin tabarma, kamar abin da ya faɗi.

Ban yi boko ba, amma na san abin da na gani: wani yana da irin tsagar nan. Na riga na ɗaura zanen fita. Ke kin fi ni sanin mafarki. Nufinsa in je birni in ce wa yarinyar jami'ar nan ta fara shanya tata, ko wasu za su sauke nasu akwatin? Ko in tsaya bakin rijiya da taɓarya? Yau fa Laraba.