Karen da Ya San Ƙafa Ɗaya

Ban taɓa son mutumin nan ba, kuma ba zan fara yanzu don na ɗauki biro ba. Maƙwabcina ne a Mahuta, katanga ɗaya ta raba mu. Keke napep yake tuƙawa, dattijo ne a cocinmu, in ya ja waƙa ranar Lahadi sai ka rantse ba shi ne ya karkato da ruwan wankin gidansa zuwa ƙofata ba. Shekara huɗu muka yi muna rigima a kan kwatar nan. Na yi masa magana da bakin arziki, na yi da na tsiya, na kai shi gaban mai unguwa. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Madam, ni ban aiki ruwa gidanki ba." Yana faɗa yana murmushi, kuma murmushin ya fi ruwan ƙona mini rai.

Ni kiwon kaji nake yi a bayan gida tun da maigidana ya rasu. Sau biyu ɓarayi suka kwashe mini kaji a shekara guda, na yi kuka na gaji. A lokacin ne kawuna, tsohon maharbi, ya zo daga ƙauye ganin likitan ido, ya taho mini da ɗan kwikwiyo ja mai manyan kunnuwa a cikin kwali. Ya ce uwarsa ta iya bin sawu, in na yi haƙuri shi ma zai iya.

Sati uku Kawu ya yi a gidana, kuma kullum da sassafe, kafin rana ta shanye raɓa, muna filin da ke bayan layinmu. Ba a ba kare abinci kafin a fita. Za a ɗaura wani abu da jikin mutum ya daɗe yana gogawa a igiya, a ja shi a ƙasa, ana ajiye ɗan dafaffen hanjin kaza bayan kowane taku goma, a ɓoye abin a gindin mangwaro tare da babban yanka. Sai a dawo a shinshina wa kare ɗan'uwan abin, a ce masa kalma ɗaya: nemo. Ba a jan igiyarsa, ba a dukansa, ba a nuna masa hanya. Kwana na tafiya ana rage hanjin ana tsawaita hanyar, har ya zamana hancinsa kaɗai ke kai shi. Kawu ba ya gani sosai, amma daga ƙarar numfashin karen yake gane ya ɓata sawu.

Ba a amfani da kayan mutanen gida, domin warinmu ya cika ko'ina. Da Kawu yana nan, mun ari hular wani baƙo da ɗankwalin wata mai talla. Ranar da zai koma, yana riƙe da ƙofar mota ya ce mini, "'Yata, ki riƙa canzawa. Yau kayan wannan, jibi na wancan. In kika tsaya a kan mutum ɗaya, mutumin zai koya, ba aikin ba."

Na ce, "To, Kawu." Na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba.

Washegari na tarar da tsofaffin kambas ɗin maƙwabcina a kan bola, kuma a jikin katangata ya jefar da su, don dai ya nuna mini halinsa. Warin ƙafar da ke cikinsu ko mai mura zai bi shi, balle kare. Na ɗauke su da leda. Ɗaya na ja a ƙasa, ɗaya na shinshina wa karen. Da ya isa gindin mangwaro ya cafki takalmin yana wujijjiga shi, sai na ji wani sanyi a zuciyata wanda ban ji irinsa ba tun da aka fara rigimar kwata. Na yi dariya ni kaɗai a fili. Na ce gobe zan canza. Goben nan ta kai wata biyar.

Karen ya ƙware, gaskiya. Yana bin sawu ta cikin gonar masara, ya tsallake titi inda babura suka wuce, ya sake kamawa a ɗaya gefen. Ni kuma bakina bai zauna ba. Duk matar da ta zo ɗibar ruwa a bohol sai ta ji labarin karena, wanda ko ɓarawo ya shiga rami zai tono shi. Na lura duk sanda maƙwabcin nan ya fito, karen sai ya ruga bakin get yana kaɗa jela kamar ya ga tukunyar nama. Mutumin ya taɓa ce mini, "Madam, karenki ya fi ki sanin mutunci." Na san dalilin wannan soyayya, na haɗiye abina.

Ana saura kwana goma Kirsimeti na tashi na tarar an yanke wayar kejin. Kaji goma sha ɗaya, manya, waɗanda har an yi mini maganarsu. Ihuna ya tara layin gaba ɗaya, har da 'yan sintirin unguwa da gorarsu. Ɓarawon ya bar wata baƙar hula maƙale a waya. Wata daga cikin matan bohol ta ce, "Ina karen da ake ta cika mana kunne da shi?"

Na kamo shi, na kanga masa hular a hanci, na ce, "Nemo."

Ya shinshina, ya yi atishawa, ya dube ni. Na sake cewa nemo. Ya zaga kejin sau ɗaya, ya fita get, bai ko sunkuyar da kai ƙasa ba. A wurinsa nemo na nufin mutum ɗaya ne a duniya, kuma ga mutumin can yana goge kekensa a ƙofar gida. Ya je ya dafe shi, ya kama takalmin da ke ƙafarsa yana ja, sannan ya juyo yana kallona yana jiran namansa.

Nan take wurin ya ɓarke. "Dattijo guda!" "Wallahi na daɗe ina zarginsa!" Wani ɗan sintiri ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya ɗauke shi da mari a gaban matarsa. Shi kuwa ni yake nema da ido.

Ya ce, "Madam, kin san ni. Muna faɗa, amma kin san ni. Ki gaya musu."

Magana ɗaya ce, kuma tana bakina. Na san me karen ya koya, na san wanda ya koya masa. Amma na ga fuskar nan babu murmushi a karon farko cikin shekara huɗu, na kuma ga matan bohol suna kallona kamar wata mai asiri. Abin ya yi mini daɗi. Na ce, "Ni ban san komai ba. Kare ne ya nuna."

An bincike gidansa har ƙarƙashin gado, ko gashin kaza ba a gani ba. Aka ce ai ya riga ya kai su kasuwa. Kafin sati ya zagayo yara na yi wa kekensa kukan zakara in ya wuce. Matan layi suka daina hawa, gara su tsaya rana su jira wani. A coci aka ce ya ɗan huta daga kujerar dattawa har ƙura ta lafa, wani kuma ya karɓi jan waƙa. Ya koma zama a bencin baya kusa da ƙofa.

Da na ba Kawu labari a waya ina ƙawata shi, sai ya katse ni: "Kayan mutum nawa kika ja masa?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Kin lalata kare, kin lalata mutum," ya kashe wayar.

Sai da na kwashe wata uku ina fama da kaina kafin na je wurin fasto na zayyana masa komai. Ranar Lahadi ya sa na tashi a gaban jama'a na maimaita. Na faɗi maganar takalmin, na faɗi gargaɗin Kawu, na ce mutumin nan bai taɓa mini kaza ba. Ina gamawa aka ɗauki tafi. Ina komawa wurin zamana wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ba kowa ke rufa wa ɓarawonsa asiri haka ba." Na ce mata ba rufin asiri ba ne, gaskiya ce. Ta ce, "Na gane," ta ƙifta mini ido.

A bakin get ɗin coci na tare shi. Ban iya ba da haƙuri ba, balle ga wannan mutumin, amma na buɗe baki zan gwada. Ya ɗaga mini hannu.

"Madam, ranar da aka mare ni nake buƙatar maganarki. Yau ko ke ba ki isa ki karɓe ƙaryar daga bakinsu ba."

Ya kama hannun matarsa suka wuce. Kafin damina ta faɗi sun tashi daga Mahuta. Har yau in ana kwatancen gidan da suka bari, gidan ɓarawon kaji ake cewa, kuma duk sanda na gyara wa mutum, sai ya yaba mini kyan hali.