Tantin da Ake Tsayuwa a Ciki

Tun da ɗan Adam ya fara kafa rufi a kansa, babu abin da ya raba kan masu hankali kamar tsayin rufin nan. Ni a Guangzhou na shiga wannan tsohuwar muhawara, a wani kantin kayan hawan dutse da ke Panyu, gumi na bin bayana.

Hutu ya matso, ni da abokin karatuna, wani Badamagare, mun ƙudura zuwa duwatsun yamma mu ga ƙanƙara. Burina ɗaya ne: in yi sallar asuba a tsaye cikin tanti, ƙanƙara na sauka a rufi kamar ana tankaɗe gari. Na daɗe ina kallon asubar nan a raina, a aji, a jirgin ƙasa, har na san launin haskenta.

Abokina gajeren tanti yake so, mai kama da akurki. Wai shi ke riƙe ɗumi. Ni kuwa na ɗaga hannu sama da kaina, na dubi mai kantin.

"Meyo," ta ce, wato babu. Can kuma ta tono wani dogo daga ƙuryar kanti.

Sai jakar barci. Na shiga gwaji, ta ja zif har haɓata, fuskata kaɗai a waje. Abokina ya tsaya a kaina ya harɗe hannu.

"Malam, Allah ya jiƙanka. Wa ka bar wa littattafan?"

"Kai dai shiga dogon nan ka gwada mana ruku'u."

Ya shiga yana mita. Na lumshe ido. Na'urar sanyi tana busa mini goshi, hayaniyar titi ta yi nisa, ta koma iska a kan dutse. Na ga kaina a tsaye, fari fat ta ko'ina, numfashina na tashi a hankali tare da karatu.

"Malam, a tashi," in ji abokina. "Masu saye na jiran gawa ta ba su wuri."

Dogon muka ɗauka, muka yi ta karɓa-karɓa da shi har saman dutse. Ya kafu daram, ƙanƙara ma ta cika alkawari, ta sauka a rufi kamar yadda na tsara mata.

A zaune na yi asubar, cikin jaka, zif har haɓa.